Sabon katakon ƙasan tirela: fenti za a yi masa ko baƙin mai?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar manyan motoci. Shawara nake nema. Sati biyu ke nan da na canza katakon ƙasan bodin tirelata, mai ƙafa 40, buɗaɗɗiya ce ta tamfol. Tsohon katakon shekara huɗu kawai ya yi ya ruɓe, har ƙafar wani ɗan dako ta burma ana cikin lodi a Dawanau, Allah dai ya kiyaye bai karye ba. Na je 'yan katako na Na'ibawa na sayo falanki mai kaurin inci 2, kafinta ya ɗaura. Yanzu ya ce in samo baƙin mai jarka ɗaya a sirka da gas a shafe, wai haka kowa yake yi. Babban ɗana kuma, da yake ɗan boko ne, ya ce a'a fenti za a yi, har ya nuna mini bidiyo a waya na wani Bature yana shafa wa tasa wani fenti mai ƙyalli. Kayana galibi hatsi ne: masara, waken suya, wani lokaci riɗi, daga Kano zuwa Legas. In za a dawo kuma duk abin da Allah ya kawo. Wanne ya fi? Ba na son nan da shekara huɗu in sake zuba wannan kuɗin.

Direban_Dare:
Wa alaikumus salam. Alhaji baƙin mai kawai. Ka je inda ake juyen mai za su ba ka a arha. Shekara 19 ina kan titi ban taɓa ganin fenti ya yi wata uku a ƙasan bodi ba.

Sani_Gas:
Baƙin mai kashi biyu, gas kashi ɗaya. A shafa da rana tsaka lokacin da katakon ya ɗau zafi, zai shanye. An gama magana.

Hajiya_MaiRidi:
Ba a gama magana ba, Malam Sani. Alhaji, don girman Allah in dai kana ɗaukar riɗi kada ka bari baƙin mai ya taɓa wannan katakon. Ni riɗi nake haɗawa daga Maigatari da Dawanau ina ba masu fitarwa waje. Bara mota guda aka dawo mini da layin ƙasa gaba ɗaya. Mai karɓar kayan bai ko buɗe buhu ba, hannu ya sa ya shafi gindin buhun ya sunsuna, ya ce warin gas. Muka je muka duba motar, ashe kwana biyar kafin lodi aka shafe ta. Direban har yana rantsuwa ya shimfiɗa leda. Ya shimfiɗa ɗin, amma zafin hanya ya sa man ya yi gumi ya taso, ledar kuma ta yage inda ake jan buhu. Riɗi mai ne a cikinsa, duk warin da ya samu sai ya riƙe. Waɗannan buhunan sai masu tatsar mai na gida na karyar wa. Tun daga ranar, kafin in yarda a yi mini lodi sai yarona ya hau ya goga farin ƙyalle a ƙasan bodi. In ya fito baƙi, a kawo wata motar.

Direban_Dare:
Hajiya ai wannan gangancin direba ne. Wa yake shafa mai yau ya yi lodin abinci jibi? Sati biyu ake ba shi.

Hajiya_MaiRidi:
Ko wata biyu ka ba shi, ranar da rana ta buɗe a Mokwa sai ya fito. Na gani da idona.

Kafinta_Tsoho:
Salamu alaikum. Ni aikin bodi na gada, tun zamanin da ake yi wa Bedford da 911 bodin katako gaba ɗaya har da zanen dawisu a ƙofar baya. Alhaji, kafin a yi gardamar abin da za a shafa, tambaya biyu gare ni. Wane ice ne ka saya? Kuma busasshe ne ko ɗanye? Don in ɗanye ne, ko fentin jirgin sama ka shafa masa aikin banza ne. Yanzu watan Agusta muke ciki, katakon da ke shigowa kasuwa daga kudu da Taraba a wannan lokacin yawancinsa da ruwansa yake zuwa. Ka ɗaga shi ka ji nauyi ka ce ka sami mai ƙarfi, alhali rabin nauyin ruwa ne.

Baban_Walida:
Baba, mai sayarwa ya ce mini maɗaci ne. Ja ne dai, kuma da nauyi. Maganar bushewa gaskiya ban tambaya ba. Da kafinta yake huda shi na ga garin da ke fitowa yana dunƙulewa.

Kafinta_Tsoho:
To ka ba kanka amsa. Garin busasshen katako watsewa yake yi kamar garin tuwo. In yana dunƙulewa a bakin abin huda, akwai ruwa a ciki.

Injiniya_Bash:
Baba ya taɓo inda matsalar take. Bari in ɗan faɗaɗa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Abin da ke ruɓar da katako wani nau'in fumfuna ne da ke cin naman icen, kuma ba ya iya aiki sai danshin katakon ya haura kashi 20 cikin 100. Ƙasa da haka katako zai yi shekaru aru-aru, ku dubi azarar tsofaffin gidajen cikin birni. Shi fenti fata yake yi a sama. In katako busasshe ne, fatar tana hana ruwa shiga. In ɗanye ne, tana hana ruwan da ke ciki fita, sai ka zama ka ɗaure ruɓa a cikin leda. Sama na ƙyalli, ciki na zama kamar biredi. Shi ya sa masu fenti suke son danshin ya sauko wajen kashi 15 ko ƙasa kafin su taɓa.

Na biyu, katako yana numfashi da yanayi. Motar Alhaji yau tana Kano, jibi tana Apapa. Da hunturu iskar Kano kan bushe ƙayau, danshinta ya faɗo ƙasa da kashi 20, ta Legas kuma sau da yawa tana sama da 80. Falanki yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Mai faɗin inci 12 da aka ɗaura ɗanye zai iya rage kwata zuwa rabin inci kafin ya gama bushewa. Duk fentin da ya bushe ya yi tauri kamar kwalba ba zai bi wannan motsin ba, tsagewa zai yi a bakin kowane falanki, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita.

Abu na uku shi ne wanda nake so Alhaji ya riƙe kafin ya yanke shawara. In ka yi fenti bai yi maka ba, za ka iya kankarewa ka koma mai. In ka fara shafa baƙin mai, ka rufe ƙofa ke nan, babu fentin da zai sake kama wannan katakon har ya mutu. Don haka kada a yi gaggawar ɗauko jarka.

Gwaji mai sauƙi: yanki farar leda kamar faɗin faranti, ka manna ta a kan katakon da salatif ta ko'ina, ka bar motar a rana daga hantsi zuwa la'asar. In ka ga raɓa a cikin ledar, katakon bai shirya karɓar komai ba.

Karen_Mota_001:
Injiniya mu dai da muke kwana a kan katakon nan ba a tambaye mu ba 😂 Baƙin mai yana cinye mana kaya. Riga ɗaya gare ni ta Juma'a, ita ma ta tafi. Kuma in aka yi yayyafi santsi yake yi kamar sabulu, na taɓa faɗuwa da buhun siminti a ka a Ogere, wata guda ina ɗingishi.

Sani_Gas:
Kai ma wa ya ce ka sa rigar Juma'a ka hau bodi?

Karen_Mota_001:
Oga ne ya ce in hau in gyara tamfol ana kiran salla.

MaiShanu_Potiskum:
Ni kuma ta wani ɓangaren zan zo. Mu da muke ɗaukar shanu daga Potiskum zuwa Legas, fenti a wurinmu haramiyar hanya ce. Saniya tana tsaye kwana biyu zuwa uku, tana fitsari tana kashi a wurin. In ƙasan yana da sulɓi, da direba ya taka birki sai ta zame. Wadda ta faɗi a tsakiyar mota kuwa in ba a yi saurin tayar da ita ba 'yan uwanta ne za su tattake ta, sai dai a yanka a hanya a yi asara. Katako tsirara muke so, mai kaushi, a zuba yashi a kai ya sha fitsari ya ba kofato abin kamawa. Ana sauke shanu a kwashe yashin a wanke da ruwa sosai a bar shi ya sha rana. Wanda ya yi ƙyuya ya bar jiƙaƙƙen yashin har ya dawo arewa, shi ne katakonsa ba ya shekara biyu. Kuma mu da gangan muke barin 'yar tazara tsakanin falanki da falanki, kamar kaurin ƙusa, don ruwa ya zube.

Baban_Walida:
Ranka ya daɗe, tazara ba za ta yi mini ba. Buhu ɗaya ya fashe sai in bi hanya ina yi wa kajin Neja sadakar masara tun daga Tegina. Kuma da damina ruwan taya yana fesowa ta ƙasa ya jiƙa layin farko.

MaiShanu_Potiskum:
Gaskiyarka. Shi ya sa motar shanu daban, ta hatsi daban, ko da yake yanzu kowa haɗawa yake yi saboda ba a son dawowa babu kaya.

Dan_Damagaram:
Bakano zai sayi galan uku na fenti? Ku bar wahalar da kanku, tun da aka ce masa man bidanji, wato baƙin mai, arha ne ai ya riga ya yanke shawara, yana neman wanda zai tabbatar masa ne kawai 😄

Baban_Walida:
Bawana, ka zo ka shafa mini, ladanka tuwon dare.

Dan_Damagaram:
Ubangidanka dai. To ban da wasa. Mu da muke hawa Agadas matsalarmu ba ruɓa ba ce, tsagewa ce. Can ruwan sama bai taka kara ya karya ba, rana da iska ne suke tsotse katako har ya dare tun daga bakinsa, notika su yi sako-sako, ka ji bodi na ƙara kamar kwanon masa. Don haka wurinmu mai yana da amfani ƙwarai, yana rage saurin bushewar. Fenti kuwa rairayi ne ke cinye shi, kamar an bi shi da samfefa. Amma wanda ke zuwa Kwatano ko Lome kullum, lissafinsa daban da namu.

Auwal_Texas:
Salam daga Houston. Ina da ƙaramar tirela rufaffiya mai ƙafa 16 da nake ja da akori-kura ina kwasar kayan gwanjo. Ina kyautata zaton irin bidiyon da ɗan Alhaji ya gani ke nan, shi ya sa na ce bari in sa baki. Irin waɗannan ƙasansu filawud ne mai kaurin kwata uku na inci, shafe ɗaya sumul, kuma akwai rufi, ruwan sama da rana ba sa taɓa shi. A nan fenti yana yi sosai. Yadda na yi tawa: na share, na goge da samfefa, na cike ramukan sukurori, na yi shafen farko da ɗan ruwa-ruwa don ya shiga jikin katakon, ya kwana. Na yi na biyu, tun yana ɗanye na barbaɗa busasshen yashi da na tankaɗe, washegari na share wanda bai kama ba na rufe da shafe na uku. Shekara uku ke nan, sai dai inda nake jan injin wanki ya ɗan goge, in taɓa shi da burushi.

Amma gaskiya ba zan ce Alhaji ya kwaikwayi wannan ba. Tawa ba ta ɗaukar tan 2, tasa tana ɗaukar 30 ko fiye, a buɗe. Kuma ku sani ko a nan manoman karkara da yawa baƙin mai da gas suke shafa wa buɗaɗɗun tirelolinsu na ɗaukar tarakta da ciyawa, ba mu kaɗai ba ne. Manyan tireloli kuma da wani katako ake yi musu ƙasa mai suna apitong, daga Malesiya da Indonesiya ake kawo shi, shi ma mai ake shafa masa wanda ke shiga ciki, ba fenti ba.

Direban_Dare:
Kun ji ko? Har Amurka baƙin mai. Hajiya sai ki kawo wata hujjar.

Auwal_Texas:
Yaya, na ce masu ɗaukar tarakta. Ban ce masu ɗaukar abinci ba.

Dr_Maryam_K:
Ni ba harkata ba ce, mijina ne ke da mota ya sa ni a zauren, amma bari in faɗi abin da ya shafi lafiya. Man da aka juye daga inji ba kamar sabo ba ne. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafan da injin ya ci da kuma dattin ƙonewar mai, kuma a gwajin da aka yi wa ɓeraye an ga yawan shafarsa yana jawo kansar fata, shi ya sa ake gargaɗin makanikai su riƙa wanke hannu. 'Yan dako ƙafa ba takalmi suke yini a kai. Sannan hatsin da ya zube a ƙasan bodi ba zubarwa ake yi ba, kowa ya sani sharewa ake yi a sayar ko a kai gida. Mun ga yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a ciki. Wancan a rumbu aka jawo, amma ita ma mota wuri ce da abinci ke kwana uku a cikinta.

Karen_Mota_001:
Share-sharen nan ai shi ne albashinmu Dakta 😭

Nura_Walda:
Ku duk kuna ta wahala. A cire katako a sa farantin ƙarfe mai ƙyalƙyali-ƙyalƙyalin nan na hana santsi, a yi walda, a huta har abada.

Sani_Gas:
Ƙarfe nauyi zai ƙara wa mota, ka rage kaya ke nan.

Injiniya_Bash:
Malam Sani a nan ban yarda da kai ba, mu yi lissafi. Ƙasan bodi mai ƙafa 40 kusan mita 12 ne a tsaye, 2.5 a kwance, murabba'in mita 30. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 4 yana yin kilo 31 da ɗoriya a kowane murabba'in mita, jimla wajen kilo 940. Katako mai inci 2 a wannan faɗin kubik mita ɗaya da rabi ne, in mai ƙarfi ne busasshe zai kai tan ɗaya, ɗanye ya fi haka. Ka ga kusan kunnen doki ne. Aibin ƙarfe daban ne: yana ɗaukar zafi har ya gasa layin ƙasa in albasa ce ko tumatir, yana yin gumi da asuba ya jiƙa buhu, yana lotsawa tsakanin ƙarafan gicciye ruwa ya kwanta, kuma ranar da ka ɗauko takin zamani ko gishiri ka fara kirga kwanakinsa.

Nura_Walda:
To ai in ya huje ni ina nan, kawo mini za a yi 😁

Kafinta_Tsoho:
Tun da an ambaci ƙarafan gicciye, Alhaji ka tuna lokacin da aka ɓalle tsohon katakon, ta ina ya fi ruɓewa? Ina da tabbacin ba ta sama ba ne.

Baban_Walida:
Wallahi Baba kamar kana wurin. Saman da sauransa. Ta ƙasa ne, daidai inda ya kwanta a kan ƙarfe, da zagayen kowane noti ya yi baƙi ya zama gari, da kuma bakin falankin ta wajen ƙofar baya.

Kafinta_Tsoho:
To ka gani. Kowa yana gardamar fuskar da ido ke gani, ita kuwa ruɓa ta inda ba a leƙawa take shiga. Sama rana tana busar da shi kullum. Ƙasa kuwa taya na watsa masa ruwa da taɓo, laka ta maƙale tsakanin katako da ƙarfe ta yi sati ba ta bushe ba. Bakin falanki kuma, inda zarto ya yanka, shi ne makogwaron ice, ta nan yake shan ruwa fiye da ko'ina.

Da a wurina aka yi aikin, kafin a ɗaura ko falanki ɗaya sai an kankare tsatsar ƙarafan an yi musu jan fentin ƙarfe, a shafa kwalta a bayan kowane ƙarfe inda katako zai kwanta. Kowane falanki a jiƙa bakinsa biyu da Solignum, maganin hana katako ruɓewa, har sai ya ƙi sha, a ɗura a kowane ramin noti kafin a sa notin. Wannan aikin yini ɗaya ne, amma shi ne bambancin shekara huɗu da shekara goma. Yaran yanzu ba sa yi, saboda mai mota yana tsaye a kansu yana cewa gobe yana da lodi.

Maganar maɗaci kuma, Allah ya sa shi ne. Yanzu duk jan katako maɗaci ake kiransa. Da muna samun ƙawo da loko da ƙirya, ƙirya har ƙusa take lanƙwasawa. Maɗobiya kuwa an kwashe ta an kai Sin, sai da ta kai an sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017. In aka haɗa maka da malaina a cikin lodi ba ka sani ba, wannan falankin shi zai fara karyewa. Ka sa farce ka danna kowanne, wanda farce ya shiga ka sa masa alama.

Aliyu_Jalingo:
Baba ka taɓo mana ciwo. A wajenmu a Taraba shekarun baya kowane ƙauye ka shiga gungumen madrid ne a bakin hanya, haka ake kiran maɗobiyar a can. Yara suka bar gona suka koma daji da injin yanka. Yanzu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga babba ɗaya a tsaye ba.

Sani_Gas:
Kuma kuɗin bai zauna a hannun kowa ba.

Admin_Garba:
Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji. Maganar daji a buɗe mata nata zaren.

Ummu_Sultan:
Tambaya don Allah, tun da matsalar baƙin mai guba ce, me zai hana a shafa man gyaɗa ko manja? Ai su abinci ne.

Karen_Mota_001:
Hajiya so kike ɓerayen Mile 12 su biyo mu har Kano.

Injiniya_Bash:
Dariya ce amma gaskiya ya faɗa. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa, ɗoyi za su yi su kira ɓera da kiyashi. Wanda ke shiga katako ya daskare a ciki shi ne man linsid, wanda masu fenti da masu kujeru suka sani. Ana samunsa wajen masu kayan fenti, sai dai da tsada, kuma a yi hattara da jabu. Ana shafa shi siriri, a bar shi kamar rabin awa, a goge wanda bai shiga ba, a ba shi kwana ɗaya ko biyu, a ƙara. Ba ya yin fata balle ta ɓare, kuma in ya goge ƙari kawai za a yi ba sai an kankare ba. Gargaɗi ɗaya: tsumman da aka goge shi da shi kada a dunƙule a jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Epoxy, fentin nan da ake haɗa ruwa biyu, da na san wani zai kawo, shi ne mai ƙyallin da ake gani a bidiyo. A kan siminti sarki ne. A kan falankin da ke lanƙwasa duk lokacin da mota ta faɗa rami, tsagewa yake yi, rana kuma tana sa shi ya yi fari yana gari. Ga shi in ka haɗa ruwan biyu a zafin Kano, kafin ka kai rabin bodi ya fara daskarewa a bokiti.

Mai_Fenti_Zariya:
Ni mai fenti ne, kuma ba zan ce a ƙi sana'ata ba. Ana yi wa ƙasan bodi fenti ya yi kyau, na yi wa motocin da ke ɗaukar katan-katan na taliya da sabulu, masu rufi. Fentin mai nake sa wa, ba na ruwa da ake yi wa bango ba. Lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10, amma sabon katako yana shanye shafen farko, don haka a lissafin Injiniya na mita 30 ka tanadi galan uku masu lita 4 don shafe uku. Sai dai Alhaji, in ana jan buhu ana tura falet a kai, ka sa a ranka duk shekara za ka sabunta tsakiyar. Kuma sama kaɗai ake yi wa. In ka rufe sama da fenti ka rufe ƙasa da kwalta gaba ɗaya, ka toshe masa hanci da baki. Ƙasan a ba shi maganin da ke shiga ciki kawai.

Kanawa dai a yi ciniki da mutunci, kada a ce galan ɗaya zai isa a ƙara kananzir.

Baban_Walida:
Yau na shiga uku, Damagaram ta gaba Zazzau ta baya.

Direban_Dare:
Duk wannan turancin da kuke yi, motar da ke tsaye ba ta kawo kuɗi. Linsid kwana biyu, fenti kwana uku, bushewar katako wata nawa? Mai mota yana da iyali, direba yana da iyali. Mu da muke shafa baƙin mai ba jahilci ba ne, shi ne abin da za ka yi da yamma ka tashi da asuba.

Hajiya_MaiRidi:
Ka tashi da asuba da kayan wani, ba nawa ba.

Baban_Walida:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Jiya na yi gwajin Injiniya, na manna leda wuri uku, gaba da tsakiya da baya. Kafin la'asar duk ukun sun yi raɓa, ta bayan har tana ɗiga da na ɗaga ta. Na kuma bi falankin da farce kamar yadda Baba ya ce, guda biyu farce ya shiga, kuma launinsu ya fi sauran haske. Na kira kafintan ya zo ya gani, ya yi shiru, sannan ya ce ai dama shi ya sa ya ce mai. Ban ce masa komai ba.

Abin da na yanke a yanzu: ba fenti, ba baƙin mai a sama. Zan ci gaba da aiki da shi haka, in shimfiɗa tsohon tamfol a ƙarƙashin kaya, in an sauke a naɗe shi katakon ya sha iska. Ranar Asabar yara za su shiga ƙarƙashi su wanke laka su shafa Solignum a ƙasan da bakin falankin. Biyun nan masu laushi zan canza su. In hunturu ya shigo ya bushe, a ƙara ɗaure notika, sannan in ga ko linsid ko fenti. Ɗana bai ji daɗi ba, ya riga ya zaɓi kala.

Kafinta_Tsoho:
Madalla. Amma Solignum ɗin ma a ɗanyen katako ba zai shiga sosai ba, ka sake maimaitawa a watan Janairu. Kuma ranar da aka shafa kada a yi lodin abinci sai warin ya tafi. In ya bushe za ka ga tazara ta buɗe tsakanin falankin, kada ka tsorata, a tsaga siririn katako a cusa.

Direban_Dare:
Ƙasan dai da ba ya taɓa buhu, ko shi ba za a shafa masa baƙin mai ba? Ai ya fi Solignum arha nesa ba kusa ba.

Injiniya_Bash:
Zai rage shan ruwa, ban musa ba. Amma ba maganin ruɓa ba ne na gaskiya, kuma yana bin ramin noti ya hau sama.

Direban_Dare:
Tawa shekara bakwai ke nan.

MaiShanu_Potiskum:
Taka wane ice ne?

Direban_Dare:
Ƙawo.

MaiShanu_Potiskum:
To ai ƙawo ko ruwan bunu ka shafa masa zai yi bakwai.

Dan_Damagaram:
Kun ga abin da na faɗa tun farko? An yi kwana uku ana muhawara, Bakano ya tashi bai sayi galan ko ɗaya ba.

Karen_Mota_001:
Alhaji yaran da za su shiga ƙarƙashi ranar Asabar a saya musu safar hannu da takunkumi don Allah, abin nan yana ƙona fata in ya ɗiga. Kuma tsohon tamfol ɗin in ya gama aiki ina so.